Tarihin fari da ruwan sha a biranen Nijar: in shekarar 1984 ta sake dawowa, ina za mu ɗebo ruwa?

Duk wanda ya taɓa kwana a Damagaram cikin watan Afrilu ko Mayu ya san yadda dare yake a can. Mata ba sa barci mai nauyi, kunnensu na wajen pampo, ko zai yi tari da ƙarfe biyu ko uku na dare. Da asuba yara sun jera jarkoki a bakin famfunan unguwa, 'yan ga-ruwa sun ƙara kuɗi, amalanken jakai suna shigowa da ruwa daga bayan gari. Abin lura shi ne, wannan wahala tana faruwa ne a shekarun da ruwan sama ya fi na shekarun 1980 yawa. Tambayar da ya kamata mu yi ke nan: idan haka muke a lokacin sauƙi, yaya za ta kasance ranar da dogon fari ya dawo? Amsar tana buƙatar mu waiwayi tarihi, sannan mu duba inda kowane birni yake samun ruwansa.

Fari ba iri ɗaya ba ne

Masana suna raba fari gida uku, kuma sanin bambancin yana da amfani ga mazaunin birni. Na farko shi ne farin sama, wato damana ta zo da ƙarancin ruwa idan aka kwatanta da yadda aka saba. Na biyu farin gona: ƙasa ta bushe a lokacin da hatsi ke buƙatar laima, ko da jimillar ruwan shekara ba ta yi muni ba. Hutun ruwa na kwana 20 a lokacin da gero ke fidda kai ya isa ya lalata damana. Na uku shi ne farin koguna da rijiyoyi: kogi ya janye, tabki ya ƙafe, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi nisa.

Manomi yana ganin farinsa a shekarar da ya faru. Farin rijiya kuwa a hankali yake zuwa, a hankali yake tafiya. Damana ɗaya marar kyau ba ta cika taɓa ruwan ƙarƙashin ƙasa ba, amma uku ko huɗu a jere suna taɓa shi, kuma ko ruwa ya dawo sai an ɗauki shekaru kafin ma'ajiyar ta sake cika. Shi ya sa mai kula da ruwan birni bai kamata ya tsaya ga tambayar yadda damanar bana za ta kasance ba. Tambayarsa ita ce shekara nawa a jere birnin zai iya jurewa.

Abin da ya faru kafin a fara auna ruwan sama

An fara auna ruwan sama a Yamai da Damagaram wajen shekarar 1905. Shekara 120 ke nan, kuma a ma'aunin yanayi wannan ɗan lokaci ne. Don sanin abin da ya gabata sai an koma ga laka, duwatsu da rubuce-rubucen magabata.

Tsakanin kimanin shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, Sahara ba hamada ba ce. A Gobero, cikin Tenere, an tono kaburburan mutanen da suka rayu a bakin tabki suna kamun kifi. A Dabus, arewa da Agadas, akwai zanen raƙuman dawa a jikin dutse. Tabkin Cadi na wancan zamani ya kai faɗin murabba'in kilomita 350,000 ko kusa da haka. Duk wannan ya bushe. Ruwan da ya shige ƙasa a irin waɗancan lokuta masu laima shi ne wani ɓangare na abin da muke zuƙowa yau daga rijiyoyi masu zurfi.

A kusa da zamaninmu, wani bincike da aka wallafa a 2009 kan lakar da ta kwanta a gindin tabkin Bosumtwi na ƙasar Gana ya bibiyi yanayin Afirka ta Yamma na shekara 3,000. Ya nuna cewa fari mai ɗaukar shekara 30 zuwa 40 abu ne da ke dawowa lokaci bayan lokaci, kuma akwai wanda ya fi wannan tsawo nesa ba kusa ba: na baya-bayan nan ya kama daga wajen 1400 zuwa 1750. Littattafan tarihin Tambutu su ma sun ambaci fari da yunwa masu tsanani tsakanin kimanin 1738 da 1756, an kuma sake shiga wani mawuyacin hali a shekarun 1830.

Ma'anar wannan a bayyane take. Farin da iyayenmu suka gani a 1973 da 1984 ba shi ne mafi tsawo da ƙasar nan ta taɓa gani ba.

Daga Kakalaba zuwa El Buhari

Talakawa sun ajiye nasu tarihin ta hanyar sanya wa kowace yunwa suna. Masanin tarihi Boureima Alpha Gado na jami'ar Abdou Moumouni ya tattara irin waɗannan sunaye a littafinsa kan tarihin yunwa a Sahel da ya fito a 1993. A ƙasar Hausa, yunwar 1913 zuwa 1914 ita ce Kakalaba, wadda ta biyo bayan shekaru na ƙarancin ruwa ta kuma hallaka jama'a masu yawa daga Damagaram har Kano. A 1931 fara da ƙarancin ruwa suka haɗu da nauyin harajin Turawa suka jefa yammacin ƙasar cikin yunwa.

Daga nan sai aka shiga wani lokaci da ya ruɗi kowa. Shekarun 1950 da farkon 1960 su ne mafi laima a duk ƙarnin. Noma ya yi ta hawa arewa, har sai da gwamnati ta kafa doka a 1961 don shata iyakar gonaki da ƙasar makiyaya. Gyaɗa ta yi albarka, garke ya ƙaru. A cikin wannan yanayi ne Nijar ta samu 'yancin kai, kuma da alƙaluman ruwan waɗannan shekaru aka yi lissafin ayyuka da yawa, ana zaton haka abin zai ɗore.

Daga 1968 ruwa ya fara ja da baya. A 1972 da 1973 abin ya kai maƙura: dabbobi suka mutu, makiyaya suka kwararo birane, aka kafa sansani a Lazare da ke Yamai, wurin da yau ya zama unguwa. A watan Satumba na 1973 ƙasashen yankin suka kafa ƙungiyar CILSS ta yaƙi da fari, a 1974 aka buɗe cibiyar AGRHYMET a Yamai. Ranar 15 ga Afrilu 1974 sojoji ƙarƙashin Seyni Kountché suka kifar da gwamnatin Diori Hamani, kuma yadda aka tafiyar da agajin yunwa yana cikin dalilan da suka bayar.

Ba a gama farfaɗowa ba sai ga 1984, shekarar da ta fi kowace bushewa a tashoshi da yawa na Sahel. Mutanen Maraɗi da Damagaram suka sa mata suna El Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya a zamanin mulkin soja na Janar Muhammadu Buhari. Mu da muke yara ƙanana a lokacin, abin da muka riƙe shi ne layin rabon abinci da jar dawar agaji. Idan aka kwatanta shekarun 1970 zuwa 1989 da shekara 20 da suka gabace su, ruwan sama a Sahel ya ragu da kashi 20 zuwa 30 cikin 100, kuma layin da ke nuna yawan ruwa ya gangara kudu da kilomita 100 zuwa 200. Wato Maraɗi ta koma samun irin ruwan da garuruwan arewa da ita suka saba samu. Tabkin Cadi, wanda ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya koma ƙasa da 2,000 a tsakiyar shekarun 1980.

Me ya kawo shi?

A shekarun 1970 an ɗora laifin a kan manomi da makiyayi. Wani masanin Amurka, Jule Charney, ya kawo ra'ayin cewa idan aka sare itatuwa, dabbobi suka cinye ciyawa, ƙasa ta zama fara tana mayar da hasken rana, hadari zai ragu. Ra'ayin ya yi tasiri ƙwarai a kan manufofin gwamnatoci.

Binciken da ya biyo baya, musamman daga 1986 zuwa farkon shekarun 2000, ya nuna cewa babban dalilin yana teku. Damanarmu tana zuwa ne da iskar da ke ɗauko laima daga tekun Atlantika. Idan arewacin Atlantika ya yi sanyi alhali kudancinsa da tekun Indiya sun yi ɗumi, iskar ba ta hawa arewa sosai, sai Sahel ya rasa. Haka ta faru a shekarun 1970 da 1980. Akwai kuma shaidar cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka mai ɗauke da farar wuta ya taimaka wajen sanyaya arewacin tekun. Lalacewar ƙasa a gida ta ƙara tsananin abin, amma ba ita ta kunna shi ba.

Darasin da ke ciki mai ɗaci ne: ba mu da iko a kan abin da ke kunna dogon fari. Ikonmu yana kan shirin da muka yi kafin ya zo.

Ruwa ya dawo, amma da wata fuska

Daga tsakiyar shekarun 1990 jimillar ruwan sama ta ƙaru, ko da yake an sha wuya a 2004, 2009 da 2011. Sai dai yadda yake sauka ya sauya. Kwanakin ruwa ba su koma yawansu na shekarun 1950 ba, amma kowane hadari ya fi ƙarfi. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu tsanani sun ninka sau uku a Sahel tun daga 1982.

Mun ga haka da idonmu. A watan Satumba na 2020 kogin Isa ya kai tsayin santimita 700 a ma'aunin Yamai, abin da ba a taɓa gani ba, ya fasa katangun kariya ya cinye unguwanni. A 2024 ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a faɗin ƙasa, kuma a farkon Satumba tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda aka gina a ƙarni na 19, ya rushe. A watannin zafi na wannan shekarar dai mutanen garin suna neman ruwan sha ido rufe.

Ba abin mamaki ba ne. Ruwan da ya sauko milimita 100 cikin sa'o'i kaɗan a kan ƙasa mai tauri gudu yake yi, ya kwashi yashi ya zuba cikin kogi da tabkuna. Ambaliya a Agusta ba ta hana ƙishirwa a Afrilu, sai in an tare ruwan an ajiye.

Akwai kuma wani abu da masana ke kira abin mamakin Yamai. A yankin da ke gabas da birnin, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya hau da kimanin mita 4 tsakanin 1963 da 2007, duk da fari. Dalili shi ne sare daji ya sa ruwa yana gudu zuwa tabkuna, daga can yake tsatsafowa ƙasa. Wannan ya nuna cewa ba a yi wa ruwan ƙasa hukunci ɗaya. Kowane gari da irin ƙasar da yake zaune a kai.

Yamai: birni mai rijiya ɗaya

Kusan duk ruwan pampon Yamai daga kogin Isa yake, ta tashoshin tacewa na Gudel da Yantala. Kogin yana tasowa ne daga tsaunukan Gini, ya ratsa Mali, ya bi kimanin kilomita 550 cikin Nijar. A Yamai yana cika sau biyu: jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda rafukan Goruwal, Dargol da Sirba ke kawowa, sai baƙin ruwa na Disamba da Janairu, wato damanar Gini da ta ɗauki watanni tana ratsa fadamun Mali. Daga nan sai ya yi ta raguwa har Mayu da Yuni.

Bayan 1970 matsakaicin ruwan da ke wucewa ta Yamai ya ragu da kusan kashi ɗaya bisa uku. A watan Yuni na 1985 kogin ya daina gudu gaba ɗaya, mutane suka riƙa ƙetare shi da ƙafa. Bayan wannan ne aka gina ƙaramar madatsa a Gudel a ƙarshen shekarun 1980, mai riƙe kimanin mita kubik miliyan 3, don tashoshin su samu abin zuƙa a lokacin janyewar ruwa.

Mu yi lissafi. A 1985 mazauna Yamai ba su kai 400,000 ba. Ƙidayar 2012 ta samu sama da miliyan ɗaya, yau kuma sun zarce haka da nisa. In muka ɗauka birnin yana buƙatar mita kubik 100,000 a rana, kuma buƙatar ta fi haka, miliyan 3 ruwan kwana 30 ne, kafin a cire abin da rana ke ƙafarwa da wurin da yashi ya cike. A ɗaya ɓangaren, mita kubik 100,000 a rana bai wuce mita kubik ɗaya da 'yan kai a kowace daƙiƙa ba, alhali a ambaliyar 2020 sama da 3,000 ne ke wucewa a daƙiƙa. Ashe matsalar Yamai ba yawan ruwan shekara ba ce. Makonni shida zuwa takwas ne na ƙarshen rani.

Wannan giɓi aka yi nufin madatsar Kandaji ta cike. Tana kusa da Ayoru, kimanin kilomita 180 sama da Yamai, an tsara ta riƙe mita kubik biliyan ɗaya da rabi, ta ba da megawat 130 na lantarki, ta kuma tabbatar da mita kubik 120 a daƙiƙa a lokacin rani. Shugaba Tandja Mamadou ya aza tubalinta a 2008, aka sake tayar da aikin a 2019, ya kuma tsaya bayan juyin mulkin Yuli 2023. Tasha ta uku da aka tsara a Karey Goru za ta ƙara yawan ruwan da ake tacewa, amma ita ma daga kogin za ta sha. Ƙari a kan haka, yawan ruwan da ke isowa Yamai a watan Mayu ya danganta da abin da ake saki daga madatsar Selinge da abin da ake karkatarwa a Markala zuwa gonakin Office du Niger, duka a Mali. Shi ya sa hukumar kogin Isa ta ABN, mai ƙasashe tara da mazauni a Yamai, ta shafi kowane mai pampo a birnin, ko ya san da ita ko bai sani ba.

Damagaram: gari a kan dutse

Matsalar Damagaram ta girmi kowa da ke raye. Ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa Faransawa suka mayar da babban birni Yamai a 1926. Garin yana zaune a kan tsohon dutse mai tauri wanda ba ya riƙe ruwa sai a 'yan tsaguna. Don haka dole a je nesa: Gogo da Macaya a kudu, Arunguza da Ganaram a arewa, sannan a turo ruwan ta bututu na kilomitoci da dama.

Ma'ajiyar Gogo da Macaya ƙarama ce, ba ta da zurfi, kuma ruwan kowace damana ne ke cika ta. Ita ce irin wadda fari ke saurin kamawa: damana biyu marasa kyau sun isa a ga bambanci a pampo. Filayen arewa sun fi jure fari, amma nisa yana nufin tsadar bututu, injuna da lantarki, kuma duk lokacin da aka kammala sabon aiki sai a tarar garin ya riga ya girme shi. Tera, a yamma, tana cikin irin wannan hali: ita ma a kan dutse take, kuma madatsar da take dogaro da ita ta sha ƙafewa.

Maraɗi da Tawa: akwai ruwa, amma da sharaɗi

Maraɗi da Tawa suna kan babban kwarin ƙasa na Iullemeden, wanda Nijar, Mali da Najeriya suka yi tarayya a kai. A nan akwai ruwa a ƙasa. Alƙaluman da ma'aikatar ruwa ta saba bayarwa sun ce Nijar tana da kimanin mita kubik biliyan 2.5 na ruwan ƙasa mai sabuntuwa kowace shekara, da kimanin biliyan 2,000 na tsohon ruwa wanda ba ya sabuntuwa. Dukiya ce babba, kuma ita ce garkuwarmu ta gaskiya a lokacin dogon fari. Amma akwai sharuɗɗa uku.

Na farko zurfi. A jihar Tawa wasu rijiyoyin burtsatse suna zarce mita 500. Kowace mita kuɗi ce wajen haƙa, kuɗi ce wajen zuƙowa. Tsohon ruwa kuma kamar rumbun gado yake: abin da aka ɗiba ba ya dawowa a zamaninmu.

Na biyu inganci. Mutanen Tibirin Gobir ba za su manta ba: daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa wajen 2000 garin ya sha ruwan wata rijiya mai zurfi da sinadarin fluor ya yi wa yawa, ya ninka iyakar miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shata. Dubban yara suka samu lalacewar haƙora da ƙasusuwa. A lokacin ƙishirwa ne ake gaggawar haƙa rijiya, kuma a lokacin gaggawa ne ake tsallake gwaji. A cikin birane kuwa, rijiyoyi marasa zurfi suna maƙwabtaka da masai da kwatami. Annobar kwalara ta 2021, wadda ta kama sama da mutum 5,000 a Nijar, ta fi tsanani a jihohin Maraɗi, Tawa da Damagaram.

Na uku rabo. Gulbin Maraɗi daga Najeriya yake tasowa, kuma madatsar Jibiya da ke jihar Katsina tana riƙe wani ɓangare na ruwan da ke cika fadamar. Akwai yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan raba ruwan da ƙasashen biyu suka yi tarayya a kai. Amfanin irin wannan takarda a shekarar fari ake ganinsa, kuma yana buƙatar hukumomin biyu su kasance suna magana da juna.

Abin da ya sauya tun 1984

Sauyi mafi girma shi ne yawan jama'a. Ƙidayar 1988 ta samu mutum miliyan 7 da 'yan kai, ta 2012 ta samu miliyan 17.1, yau an haura miliyan 25. Da ƙaruwar kashi 3.9 cikin 100 a shekara, jama'a suna ninkawa cikin kimanin shekara 18. Kusan rabin 'yan ƙasa ba su kai shekara 15 ba, mafi yawa kuma bayan 1985 aka haife su. Ba su taɓa ganin kogin Isa a tsaye ba.

Fari kuma yana ƙara wa birni baki a daidai lokacin da ruwansa ke raguwa. Haka aka yi a 1973 da 1984. Yau rashin tsaro ya riga ya koro dubban iyalai zuwa garuruwa a jihohin Tilaberi, Tawa, Maraɗi da Difa.

Sai zafi. A Sahel rana tana iya ƙafar da ruwa mai zurfin mita 2 ko fiye daga tabki a shekara, kuma zafin yana ƙaruwa. A farkon Afrilu 2024 an auna digiri 48.5 a Kayes ta Mali. Kowane ƙarin zafi yana ƙara ƙishirwa, yana rage abin da ke cikin madatsa.

Sai lantarki. Ruwan birni injin ne ke zuƙo shi, injin ne ke tura shi cikin shato. Da Najeriya ta yanke wuta a Agusta 2023, alhali daga can kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin ƙasar ke zuwa, an ga yadda katsewar wuta ke zama katsewar ruwa.

Sai kuma batun wanda zai ɗauki nauyi. Tun garambawul na 2001, kamfanin SPEN ne ke da kayan aiki da zuba jari, SEEN ke sarrafawa da sayarwa, har ƙarshen 2023. Daga Janairu 2024 kamfanin ƙasa NDE ya karɓi ragamar. Yanzu alhakin duka yana gida.

A ƙarshe, ƙarancin ruwa ba ya raba wahala daidai. Mai pampo a gida yana biyan farashin hukuma. Mai gida babba yana haƙa tasa rijiyar. Wanda ke bayan gari, inda bututu bai kai ba, shi ke saye a jarka, kuma kowace lita ta fi tsada a wurinsa sau da yawa. 'Ya'yansa mata ne ke rasa makaranta saboda layin ruwa.

Abin da za a iya yi tun yanzu

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, mai kuɗi da injiniyoyi, ya kusa rufe famfunansa a 2018 bayan shekara uku kacal na fari, har aka ƙayyade wa kowa lita 50 a rana. Mu da tarihinmu ya nuna fari na shekara 20 ba mu da uzuri.

Abu na farko shi ne kowane birni ya samu hanya ta biyu. Yamai tana buƙatar filin rijiyoyi na ajiya da zai iya ɗaukar asibitoci da unguwanni idan kogi ya tsaya, ko da an gama Kandaji. Na biyu, a yi lissafin sababbin ayyuka da ruwan 1984 da jama'ar shekara 20 masu zuwa, ba da matsakaicin shekarun nan ba. Na uku, a auna. A san zurfin ruwa a kowane fili wata bayan wata, a san yawan rijiyoyin masu zaman kansu, kamar yadda dokar ruwa ta 2010 ta buɗe hanya, a kuma riƙa fitar da alƙaluman jama'a su gani. Na huɗu, a tare ruwan ambaliya: ƙananan madatsai a kan koramu, kamar waɗanda aka gwada a Keita tun 1984, suna rage gudun ruwa su shigar da shi ƙasa. Manoman Maraɗi da Damagaram sun riga sun nuna abin da ake iya yi da sassaben zamani, wanda ya mayar da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan kadada miliyan 5. Na biyar, a toshe yoyon bututu, a sa wa tashoshin zuƙo ruwa wutar hasken rana don kada su dogara da layi ɗaya. Na shida, a rubuta tsarin rabo tun kafin a shiga matsi: wa zai fara samu, lita nawa, a wane farashi, ta yadda talaka ba zai zama shi kaɗai ke biyan kuɗin fari ba.

Babu wanda zai iya faɗin shekarar da dogon fari zai dawo. Hasashen masana game da tsakiyar Sahel ya fi karkata ga ƙarin ruwa mai ƙarfi da ƙarin zafi, tare da shekarun bushewa a tsakani. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne cewa shekarun laima na 1950 sun sa an saki jiki, aka biya kuɗin sakacin a 1973. Shekarun da muke ciki su ma na laima ne. Lokacin haƙa rijiya da gyaran bututu ke nan, tun kogi yana gudu.